Gatar kankare tana jiƙa min bango, ina neman shawara

Assalamu alaikum, injiniyoyi da magina. Gidana yana Rijiyar Zaki a Kano, irin rufin nan ne da ake ɓoye kwano a bayan bango, ruwa ya taru a gatar kankare sannan ya sauka ta bututu. Damina biyu ke nan, da an shiga Agusta sai kusurwar falo ta jiƙe, fenti ya kumbura yana ɓarewa, silin POP ya yi jirwaye ruwan ƙasa.

Maginin ya ce tsagewa ce, ya sake filasta da siminti mai hana ruwa. Bara kuma muka shimfiɗa kwalta. Kuɗi dai sun tafi, yoyo na nan.

Jiya bayan ruwa na hau da tsani. Ruwa kwance a tsakiyar gatar, ya kai gaɓar yatsa, bakin bututun kuma ya fi ƙasan gatar tudu! Bututu biyu ne kacal, masu inci 3, ledar fiya wata ta toshe ɗaya.

To gangaren za a gyara da sabon daɓe, ko a ƙara bututu mai inci 4? Ko sai an fasa gatar gaba ɗaya? Fasawar nan nake tsoro, kar a taɓa rodin bim, wato kankaren nan na kwance da ke ɗaukar nauyi a saman bango. Wanda ya taɓa gyara irin wannan don Allah ya taimaka.