"Gwano ba ya jin warin jikinsa": zagi ne ko nasiha?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Jiya muka yi sa-in-sa da yayana kan kuɗin gyaran gida. Na ce masa ya cika riƙo, sai ya jefo min wannan karin magana. Har yanzu tana ci na.

Maman Hanifa: Nasiha ce, barkono dai ya yi mata yawa.

Malam Na-Zazzau: Ni gwanon nake tausayi, an yi masa ƙage. Wani Bajamushe masanin ƙwari, Bert Hölldobler, ya gano cewa in gwano ɗaya ya samo abinci, yakan dawo yana shafa wani wari daga jikinsa a ƙasa, sauran su bi sawun. Mai bin hanya da wari ta yaya za a ce ba ya ji? A 1980 kuma ya nuna gwano na haddace yadda rassan bishiya suka sarƙe a samansa, da su yake gane hanyar raminsa.

Maman Hanifa: Malam, warin hanya daban, warin hali daban.

'Yar Damagaram: Kun tuna min da kakata, Allah ya jiƙanta. Ta ce a shekarar yunwa layin tururuwa suke bi tun asuba, a hankali, har bakin rami, su haƙa su kwashe tsabar da ta tara, su sheƙe su daka. Shi ya sa in ta ga mun sa yatsa mun goge musu layi, suna ta dawurwura, sai ta ɗauko muciya. Takan ce wanda ya taɓa ciyar da kai ba ka ɓatar masa da hanya. Ko tsintsiya ba ta yarda a kai wajen ba sai sun gama wucewa.

Baban Sadik: Allahu akbar, Allah ya kai haske kabarinta. Mu kuwa namu gwanon mai jiniya ne, mota goma a jere, amma bai san hanyar mazaɓarsa ba sai zaɓe ya ƙarato.

Malam Na-Zazzau: Wannan sai dai a shafa masa warin ƙuri'a a kwalta!

Ɗan Fagge: To ni yanzu in ba Yaya haƙuri ko in jira nasa?

Baban Sadik: Tukuna, nawa ne kuɗin gyaran?