Hunturu ya shigo, jita ta fara zirr: me za a yi mata?

Harisu: Assalamu alaikum ƴan zaure. Yayyena, shawara nake nema. Jita ce ta katako mai tsirkiyar ƙarfe. Tun da hunturu ya kankama, tsirkiya ta 5 da ta 6 suke gogar ƙarafunan gaɓa, wato ƙarafunan nan da ke gicciye a wuyan jitar, suna zirr, musamman daga gaɓa ta 7 zuwa sama. Bakin ƙarafunan ma ya fito a gefen wuya, yana kartar hannu. An ce in kai a goge su da magagari. In kai?

Baba Isuhu: Wa alaikumus salam. Kada ka kai tukuna, ɗana. Jitarka ƙishirwa take ji. Masu ƙera ta sun haɗa ta inda laimar iska take tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari, mu kuwa nan Maraɗi daga Disamba zuwa Maris tana faɗuwa ƙasa da 20. Itace ya bushe ya tsuke, ƙarfe bai tsukewa, shi ya sa bakin ƙarafunan ya leƙo. Fuskar jitar kuma ta lotsa, jaki, wato katakon da ke riƙe da tsirkiya bisa fuskar, ya sauka tare da ita, tsirkiya ta matso kusa da wuya. Ka ɗora rula a kwance bisa fuskar, bayan jaki. Lafiyayyar fuska tana da ɗan tudu a tsakiya. In ka ga haske ƙarƙashin tsakiyar rular, to bushewa ce, babu tantama.

Harisu: Na gwada, Baba, akwai haske. Yaya ake shayar da ita?

Malam Rabe: Soso sabo na wanke kwanoni, wanda bai taɓa ganin sabulu ba. Ka jiƙa shi, ka matse har ya daina ɗiga ko ɗigo ɗaya. Ka sa shi a gidan sabulu na roba, ka huda murfin wuri 8 ko 10 da ƙusa mai zafi. Ɗaya a cikin jakar jita wajen kai, wani kuma a ƙaramar leda mai huji, ka rataya ta tsakanin tsirkiya ta 3 da ta 4 ta sauka cikin ramin jitar ba tare da ta taɓa katako ba. Jakar yadi ba ta riƙe laima, don haka ka zura jitar duka cikin babbar leda ka ɗaure baki. Bayan kwana biyu ka duba, in soson ya bushe ka sake jiƙawa. Kwana 5 zuwa 7 fuskar take ɗauka kafin ta taso. Kada ka fesa mata ruwa don ka gaggauta. Itacen da ya sha ruwa farat ɗaya yakan kumbura wuri guda, gam ya saki.

Lawali: Malam, ni a ganina mako guda ba kiɗa ya yi yawa. Ya sassauta sandar ƙarfen cikin wuya kaɗan, ƙarar ta tafi yau ɗin nan.

Malam Rabe: Lawali, sandar nan lanƙwasar wuya kawai take gyarawa, ba ta ɗaga fuskar da ta lotsa. A auna kafin a taɓa lakile. Ka sa kapo, wato matsin da ke danne tsirkiya duka, a gaɓa ta 1, ka danna tsirkiya ta 6 a gaɓa ta 14, ka duba tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfen gaɓa ta 7. Abin da ake so milimita 0.2 zuwa 0.3. Ba sai an nemi ma'auni ba: guntun tsirkiya ta 1 mai lamba 010 kaurinsa milimita 0.25 ne, in ya shige da ɗan gogawa, wuyan lafiya lau, a bar shi. In tsirkiyar ta kwanta bisa ƙarfe babu tazara, sai a sassauta, a juya hagu. In tazarar ta yi yawa, a ɗaure, a juya dama. Kwatar zagaye kawai, a sake saita murya, a bar ta ta kwana, gobe a auna. Lakilen mai kusurwa shida ne, galibi na milimita 4 ko 5. In ya ƙi juyawa kada a yi masa ƙarfi, sandar da ta karye gyaranta ya fi kuɗin jitar da yawancinmu ke riƙe da ita.

Lawali: Na yarda da awon. Amma bakin ƙarafunan fa? Wani lokaci ko an shayar ba ya komawa duka.

Baba Isuhu: Gaskiyarka. Wanga kam in ya saura bayan mako guda, a goge shi, kuma hunturu ne lokacinsa, don nan ne ya fi fitowa. In anka goge yanzu ba ya sake damunka baɗi. A manna salatif a katako gefe da gefe, a bi bakin kawai da ƙaramin magagari mai laushi, ana turawa ƙasa. Saman ƙarfen, inda tsirkiya ke sauka, ba a taɓa shi. Wanda ya rage saman gaɓa ɗaya ya jawo wa ta gabanta ƙara, daga nan sai bi da bi har ƙarshen wuya.

Zalika: Baba, a ƙara masa da maganar wurin ajiya. Ɗakin kwano da rana tsaka a watan Afrilu, ko cikin mota a rufe, gam ɗin da ya riƙe jaki yana fara laushi in zafi ya haura digiri 60, ga tsirkiya tana ja. Ɗakin ƙasa ya fi, musamman wanda akwai randa a ciki, amma a rataye ta ko a jingine ta nesa da jiƙaƙƙen wuri, kuma ba a bangon da rana ke duka ba. Harisu, ka gwada tura takarda ƙarƙashin bayan jaki. In ta shige, ka sassauta tsirkiya nan take.

Malam Rabe: Haka ne, ƙanwata. Kuma in jaki ya ɗaga ko fuska ta tsage, kada a ɗura gam ɗin nan mai kamawa nan take. Yana shiga itace ya ƙandare, gam na gaskiya ba zai sake kama wurin ba. Farin gam na kafinta ake sawa, a kankare tsohon, a matse da matsi, a bar shi awa 24 kafin a ja tsirkiya. Tsaga kuma sai an shayar da jitar ta rufe bakinta tukuna, sannan a shafa gam da yatsa ya shiga, a manna ɗan guntun katako ta ciki a gicciye.

Harisu: Takarda ba ta shiga ba, alhamdu lillahi. To kafin fuskar ta taso, babu dabarar da zan riƙa kaɗawa?

Lawali: Akwai. Ka zare farin ƙashin da ke kan jaki, ka yanka siririn tsohon katin banki daidai faɗin ramin, ka shimfiɗa a ƙasa, ka mayar da ƙashin. Kaurin katin milimita 0.76 ne, a gaɓa ta 12 zai ɗaga maka kusan rabin haka. Ƙa'idar kenan kullum: abin da ka ƙara ko ka rage a jaki, rabinsa kake samu a gaɓa ta 12. Tsayin da ake nema a can milimita 2.5 a tsirkiya ta 6, 2 a ta 1. Kati uku a haɗe 2.3 ne, ka ga ka samu ma'auni. Da damina ta sauka a Yuni ko Yuli fuskar za ta kumbura, tsirkiya ta yi sama, sai ka cire katin, ka cire soson ma, in ba haka ba fumfuna za ta kama cikin jita. Abin da nake roƙon kowa: kada a ci ƙashin jaki da samfefa da damina a manta da hunturu. Gara a ajiye ƙashi biyu, gajere na damina, dogo na rani.

Mamman Sani: Tunda an taɓo tsirkiya, wace lambar kauri kuke ba da shawara? Ana kawo 012 daga Kano, amma hannu na shan wuya.

Zalika: Yaya Mamman, 012 zuwa 053, wato daga ta 1 zuwa ta 6, tana jan jita da nauyin da ya haura kilo 70. Ga jita mai araha a wannan yanayin namu, 011 ko 010 ta fi zama lafiya, murya takan ɗan ragu amma wuya da jaki sun huta, yatsu ma haka. In ka canza lamba ka sake awon da Malam Rabe ya faɗa, don wuyan zai ɗan miƙe. Abu ɗaya da ba a yi ko da wasa: sa tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka ƙera don nailan. Nailan jansa wajen kilo 40 ne, yawancin irin waɗannan jitocin ba su da sandar ƙarfe a wuya, cikin ƴan watanni wuyan ya zama baka. Sannan a kula da jabu, sun yi yawa a kasuwa. Tsirkiyar kamfanin D'Addario ta gaskiya tana zuwa cikin leda a like, da lambar da ake tantancewa a shafinsu na intanet. Wadda ka buɗe ka ga ɗigon tsatsa, ko naɗinta yana kartar yatsa, ba za ta zauna a murya ba.

Mamman Sani: Ta 3 ce ke yawan tsinke mini, kullum wajen kunne, inda ake murɗa ta.

Malam Rabe: Ita ce mai siririyar zuciya a cikin masu naɗi, shi ya sa. Amma tsinkewa wuri ɗaya kullum alama ce ta kaifi a wurin. Ka duba bakin hujin kunnen, ka shafe shi da samfefa mai laushi. Wajen ɗaurawa ka bar rarar santimita 5, masu kauri su zagaya sau 2 ko 3, sirara sau 4 ko 5, kowane zagaye yana sauka ƙasa, ba ya hawa ɗan'uwansa. Ka goga bakin fensir a tsagogin ƙashin sama, wanda ke tsakanin wuya da kai, don tsirkiya ta riƙa zamewa. In kana juya kunne ka ji ƙas sannan murya ta yi tsalle, nan take maƙalewa. Bayan ka ɗaura, ka ɗan ja kowace da yatsa, ka sake saitawa, sau uku.

Baba Isuhu: Masu son salon arewa su saurara nan. Marigayi Ali Farka Toure, makaɗin jita na Mali, yakan ɗaga muryar tsirkiya ta 6 daga Mi zuwa Sol, babban yatsa ya riƙa buga ta a sake kamar ganga, sauran yatsu suna waƙa a sama. Daɗi gare shi ƙwarai, amma ɗagawar nan tana ƙara wa tsirkiyar ja da kusan kashi 40 cikin ɗari. Da 053 kada a yi. A sa siririya, kamar 047 ko ƙasa, a hau da ita sannu. Kuma muryar La ta tsaya a lamba 440 a manhajar saita murya ta salula, wasu sukan taɓa lambar ba su sani ba, jitar duka ta haye sama.

Harisu: Baba, allon wuyan ya yi fari fat. In shafa masa man gyaɗa?

Baba Isuhu: A'a ɗana, man gyaɗa na ƙuli-ƙuli ne da miya. Yana tsami a itace, ya yi danƙo, ƙurar hunturu ta manne, tsirkiya ta mutu da wuri. Man da anka yi don allon jita za ka nema, ɗigo 3 ko 4 a tsumma, ka shafa, bayan minti biyar ka goge sarai, sau ɗaya ko biyu a shekara. Allon da ke da fenti mai sheƙi ba ya son mai sam, tsumma ya ishe shi. Kunnuwa masu haƙora a waje kuwa ɗigon man keken ɗinki, bayan ka kakkaɓe ƙurar da tsohon buroshin haƙori.

Zalika: Kuma kowace rana in ka gama, ka bi tsirkiya ɗaya bayan ɗaya da busasshen tsumma, sama da ƙasa. Gumi da ƙura ne ke cinye ta, ba kiɗa ba.

Harisu: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na auna wuyan, guntun 010 ya shige daidai, don haka ban taɓa lakile ba. Soso biyu na ciki, leda a ɗaure.

Malam Rabe: Madalla. Ranar Juma'a ka sake ɗora rular, ka turo mana hoton fuskar da awon gaɓa ta 12, sai mu ga ko katin Lawali zai shiga ko ba ya buƙata.