Mahaifina ya tashi daga bugun zuciya, amma ya daina sha'awar komai

'Yar Aboabo, Kumasi:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan al'amari, ko ta hanyar aiki ko ta hanyar jinya. Mahaifina yana da shekara 63, kuma ya haura shekara talatin yana sayar da yadi a kasuwar Kejetia. Wata huɗu da suka wuce ya samu bugun zuciya, aka buɗe masa jijiyar da ta toshe, aka sa mata ɗan bututun nan mai kamar raga. Da aka sallame shi, likita ya ce ya riƙa zuwa sau biyu a mako domin atisayen farfaɗowa da ake yi wa masu ciwon zuciya. Sau uku kawai ya je, ya ce ba zai koma ba.

Tun daga nan Baba ya zama wani mutum dabam. Rediyon da ba ya rabuwa da ita ta yi ƙura a kan taga, kokon da nake kai masa da safe yakan huce har ya yi fata bai taɓa shi ba, kuma ƙarfe uku na dare za ka same shi zaune a bakin gado ya zuba wa ƙasa ido. Shekaranjiya ina wanki na tarar da ƙwayoyin maganinsa na kwana biyar a aljihun rigarsa. Da na yi masa magana sai ya ce, "Ki bar ni, na zame muku kaya." Baffana ya ce ƙarancin tawakkali ne, Inna kuwa ko buta ba ta barin shi ya ɗauka. Shin wannan daga ciwon ne, kuma ta ina zan fara?

Ma'aikaciyar jinya, Accra:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki fara da ƙwayoyin nan yau, kada ki jira ranar komawa asibiti. Wanda aka sa wa irin wannan bututu ana ba shi magungunan hana daskarewar jini, galibi aspirin da clopidogrel, kuma tsallake su a watannin farko yana iya sa bututun ya toshe. Ki kai su ga likitansa, ki faɗi adadin kwanakin da bai sha ba.

Abin da kika bayyana kuwa ya yi kama ƙwarai da ciwon damuwa, wanda ba baƙo ba ne ga masu ciwon zuciya: kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka yi bugun zuciya yana faɗawa cikin mai tsananinsa. Tun a 1993 wani bincike da aka yi a Montreal ta ƙasar Kanada ya nuna cewa waɗanda damuwa ta kama bayan bugun zuciya sun fi mutuwa a cikin wata shida na farko, kuma a 2008 Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa tantance masu ciwon zuciya ko suna da damuwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, domin mai damuwa shi ne yake barin magani, ya ƙi motsa jiki, barci ya ƙaurace masa, ga kuma sinadaran fargaba da suke ɗaga bugawar zuciya da hawan jini.

Abin da yake damuna a aikinmu shi ne, mun fi duba takardar gwaji a kan fuskar mai ita, su kuma iyayenmu maza ba sa cewa suna baƙin ciki, sai dai su ce jiki ne babu ƙarfi. Saboda haka ke za ki faɗa. Ki roƙa a yi masa tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, waɗanda suke duba halin mutum a makonni biyu na baya, a kuma auna jininsa da aikin zuciyar, tunda ƙarancin jini da raunin zuciya su ma suna kawo kasala. Sannan maganar "na zame muku kaya" ba ta wucewa haka nan. Ki zauna da shi a keɓe, ki tambaye shi cikin ladabi ko tunanin mutuwa yana zuwa masa. Tambayar ba ta cusa wa mutum wannan tunani. Idan ya amsa da e, ki ɗauke magungunan daga ɗakinsa, ku tafi asibiti a ranar. A asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ba sai kun je asibitocin ƙwaƙwalwa na Pantang ko Ankaful ba.

Dattijo daga Nima:

'Yata, Allah ya ba mahaifinki lafiya. Ni an yi mini aikin zuciya a cibiyar zuciya ta asibitin Korle Bu da ke Accra, kuma wannan ramin da yake ciki na zauna a cikinsa. Abin da iyalina ba su gane ba shi ne, tsoro ne ya fara kama ni kafin baƙin ciki ya biyo baya. Duk lokacin da na taka matakala zuciyata ta buga da sauri, sai in ce shi ke nan, ta dawo. A wurin atisaye ne, da aka ɗaura mini na'ura a hannu ina taka keke ina kallon lambobin suna hawa suna sauka ba tare da wani abu ya same ni ba, na fara yarda da ƙirjina. Ina zaton mahaifinki ya daina zuwa ne kafin ya kai wannan gaɓar.

Ki gaya wa mahaifiyarku, cikin hikima, cewa hana shi ɗaukar buta ƙauna ce, amma kullum tana tuna masa cewa ya ƙare. Mutumin da ya saba ciyar da gida, a wayi gari ana ɓoye masa ko kuɗin wuta, dole ya ga kansa kamar baƙo. Ni da tafiya masallaci na fara, Azahar kaɗai, ina salla a kan kujera, bayan likita ya amince.

Game da maganar baffanki, ba na jayayya da babba a gidansa, amma Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma babu mai cewa imaninsa ya yi rauni. Ku nemi wani aboki nasa na kasuwa da yake jin nauyinsa ya raka shi atisayen. Abin da uba ba zai karɓa daga 'yarsa ba, yakan karɓa daga tsaransa.

Mai harhaɗa magunguna, Asawase:

Ƙari ɗaya a kan bayanin 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya. Kada wani ya je kemis ya sayo masa maganin barci ko na damuwa da kansa, musamman amitriptyline, wanda yake da arha amma yana iya rikita bugawar zuciya. Sertraline ne aka gwada a kan masu ciwon zuciya, sakamakon da aka fitar a 2002 ya nuna ba ya cutar da ita, amma shi ma likita ne zai rubuta, domin haɗa shi da magungunan hana daskarewar jini yana ƙara yiwuwar zubar jini. Yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, don haka kada a yanke ƙauna a kwana goma. Duk wani jiƙo ko sassaƙe da aka kawo masa, a nuna wa likita kafin ya sha.

'Yar Aboabo, Kumasi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na kai ƙwayoyin asibiti da safiyar nan, sun ce in kawo shi gobe, kuma yanzu Inna ce take ba shi magani a hannu. Na yi masa tambayar nan mai nauyi bayan Magariba. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce bai taɓa nufin cutar da kansa ba, amma yakan kwanta yana fatan kada ya farka. Zan maimaita wa likita wannan kamar yadda ya faɗa.

Baba Alhaji na Nima, na je wurin maƙwabcin mahaifina na shago, ya ce zai rufe da wuri ranar Alhamis ya raka shi. Ya kuma ba ni littafin bashi na shagon Baba in kai masa, domin akwai lissafin da babu mai iya warwarewa sai shi. Na ajiye littafin kusa da rediyon. Bai buɗe ba tukuna, amma ya tambaye ni ina tabaransa.