Kai yara kallon tsuntsaye a hutun Agusta: Baturiya ko Jos?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Muna Kano. Tun da malaminsu ya sa su zanen tsuntsaye yarana suka addabe ni, sai an kai su daji sun ga tsuntsaye da malam-buɗe-littafi da idonsu. Hutun Agusta kaɗai gare mu, motarmu kuma ƙarama ce. Abbansu ya ce fadamar Baturiya ta wajen Haɗeja, ni kuwa na ji ana yabon dajin Amurum na Jos. Wanda ya taɓa zuwa da damina ya taimaka, har da abin da za a kashe.

Ɗan Bade: Wa alaikumus salam. Hajiya, fadamar Dagona za ki, a nan Yobe. Agwagin Turai har ido ya gaji. Marigayi Yarima Philip mijin Sarauniya Elizabeth ta Ingila ma ya zo a 1989.

Na Haɗeja: Ɗan Bade, ka karanta tambayar kuwa? Agusta ta ce. Masu tsallako Sahara daga Turai sai lokacin sanyi, Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina shamuwa za ta gani, da balbela da zalɓe da kirinjijiya. Ga laka. Ƙaramar mota ba ta shiga fadama a watan nan.

Baban Khalifa: Ni kam na yafe fadama. Bara na kai iyalina wani ƙauye wajen Nguru, muka yi ciniki da mai kwalekwale a kan N8,000. Da muka yi nisa cikin kacalla, ba ka ganin gaba ba ka ganin baya, sai bawan Allah ya ajiye gora ya ce ai wancan kuɗin zuwa ne, na dawowa daban. Yara na kuka, sauro na ci, uwargida na salati. Na ƙara masa N7,000. Tsuntsun da muka gani? Balbela. Wadda ke bin shanu a bayan gidanmu!

Ɗan Bade: N15,000 a kwalekwale? Mu N3,000 muke ba su har yamma.

Baban Khalifa: Kai ɗan gari ne. Ka je da lambar motar Kano ka gani.

Ummu Jos: Allah ya mayar da alheri, Baban Khalifa. Maman Ilham, in malam-buɗe-littafi ake so, damina ce lokacinsu, kuma Amurum ya fi. Yana kusa da Laminga, tafiyar ƙasa ce tsakanin duwatsu da kurmin rafi. Akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Jos a wurin, APLORI, tun 2001, sai ku nemi izini kafin ku taso don wurin bincike ne. Tsuntsaye da sassafe, malam-buɗe-littafi kuma sai rana ta buɗe bayan ruwa, za ku same su sun taru a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Akwai wani ɗan jan tsuntsu na cikin duwatsu da sai 1998 masana suka tabbatar jinsi ne na daban. Ku taho da rigunan sanyi, ruwan Agusta a Jos ba ya wasa.

Ɗan Bade: Sai 1998? Makiyayan wurin tun kakanninsu suke ganinsa. Wanda aka haifa a bakin ruwa ake tambaya, ba mai madubin hangen nesa ba.

Ummu Jos: Haba Malam, wanda aka haifa a bakin ruwan ne ya tura ta Dagona a Agusta.

Sarkin Yaji: Ni duk tsuntsun da na gani, lissafin mai da yaji nake. Hajiya ki kai su gidan zu na Audu Bako, a sha yogot a dawo.

Manomi Auyo: Ku kuna biyan kuɗi ku kalli tsuntsu, mu muna biyan yara su kore shi. Jan baki ya sauka a shinkafata bara, kafin la'asar sai kara. A cikin kacallar nan yake kwana. Tun da aka yi dam ɗin Tiga da na Challawa ruwa ya daina janyewa da rani kamar da, kacalla ta toshe magudanai.

Na Haɗeja: Wallahi. Gonar kawuna yanzu duk kacalla ce. Feshin jirgi kuma sai an gama ɓarna yake zuwa.

Maman Ilham: Allah ya kawo sauƙi. To amma Jos ɗin, nawa ne masauki?

Manomi Auyo: Na Haɗeja, ku a wajenku nawa kuke biyan mai korar tsuntsu a wuni? Mu sun ninka bana.