Yaya ake ba da maki a gasar tsalle cikin ruwa ta mata daga allon mita 3?

Ummu_Hanifa:
Assalamu alaikum. Don Allah masana, a bidiyon wasan ƙarshe na mata a Olamfik ɗin Faris 2024, kafin kowace ta yi tsalle sai a rubuta lamba kamar 107B ko 5152B. Me take nufi? Kuma me ya sa wata za ta shiga ruwa tsaf amma a ba ta maki ƙasa da wadda ta ɗan fantsama ruwa?

Malam_Sabo:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Lambar sunan tsallen ce. Ta farko tana nuna rukuni: 1 gaba, 2 baya, 3 ta fuskanci ruwa amma ta juya da baya, 4 ta ba ruwa baya amma ta juya ta gaba wajen allo, 5 mai murɗa jiki. Ta ƙarshe kuma adadin rabin alkafura ne. Ke nan 107 alkafura uku da rabi ne ta gaba. Harafin B na nufin an lanƙwasa ƙugu, ƙafafu a miƙe; C a dunƙule, gwiwa a ƙirji. A 5152B kuwa, 5 murɗa, 1 gaba, 5 alkafura biyu da rabi, 2 rabin murɗa biyu, wato murɗa ɗaya cikakkiya.

Mata na yin tsalle biyar, ɗaya daga kowane rukuni. Alƙalai bakwai ne, kowa ya ba da maki daga 0 zuwa 10. Ana jefar da biyu mafi yawa da biyu mafi ƙanƙanta, a haɗa ukun tsakiya, a ninka da ma'aunin wahalar tsallen. Misali an ba ta 7.5, 8, 8, 8.5, 8.5, 8.5, 9. Abin da ya rage 8 da 8.5 da 8.5, jimla 25. Wahalar 107B 3.1 ce, don haka ta tashi da 77.5.

Amsar tambayarki ta biyu ke nan. 5152B wahalarsa 3.0, amma 5154B, wanda Maddison Keeney ta Ostireliya ke yi, 3.4 ne. Idan ta samu 7.5 sau uku, 76.5 ke nan. Mai tsalle na 3.0 da ta samu 8 sau uku 72 kawai za ta samu, duk kyan shigarta.

Hajiya_Rabi:
Malam Sabo ya gama da lissafi, amma masu kallo sun fi zuba ido kan shiga ruwa, alhali tun a kan allo ake yin asarar maki. Allon na alminiyum ne, tsawonsa kusan mita 4.9, faɗinsa rabin mita, kamfanin Duraflex na Amurka ke ƙera wanda ake gasa da shi. A ƙarƙashinsa akwai matokari mai taya a gefe, shi ne za ki ga suna murzawa da ƙafa kafin su fara. In an mayar da shi baya allon ya ƙara laushi, ya lotsa sosai, ya cilla mutum sama, sai dai yana jinkirin dawowa. In an kawo shi gaba ya yi tauri, ya dawo da sauri.

Wurin da abin ke ɓaci shi ne ɗan tsallen ƙafa ɗaya da take yi kafin ta dira da ƙafa biyu a bakin allo. Ta dira nesa da baki, allon ba zai lotsa yadda ya kamata ba, tsayi ya ragu, alkafurar ba za ta cika ba, sai ta shiga ruwa a karkace. Yatsu suka wuce baki kuma, sai allon ya tura ta can nesa. Haka in ta dira allon na tasowa maimakon yana sauka, ƙarfin ya mutu a gwiwa. A wasan kusa da na ƙarshe na Olamfik ɗin Tokiyo 2020, Pamela Ware ta Kanada ta rikice a wannan taku, ta fasa alkafurar ta shiga da ƙafa, aka ba ta sifili. Da ta yi ƙarfin hali ta juya ba tare da tsayi ba, rauni za ta iya ji.

Wadda ta fara taku ta tsaya ta sake, maki biyu ake cirewa daga na kowane alƙali. In ta maimaita, tsallen ya faɗi gaba ɗaya.

Ummu_Hanifa:
Na gode ƙwarai. To rashin fantsama ruwan fa, ƙanƙantar jiki ce?

Hajiya_Rabi:
Hannu ne. Dab da shiga, sai ta kama bayan hannu ɗaya da ɗayan, tafi a shimfiɗe yana fuskantar ruwa, damatsa sun matse kunnuwa, ciki a ɗaure. Tafin ya huda rami, jikin ya bi, tana nutsewa ta ware hannuwa. Gwiwar hannu ta saki ko ƙugu ya lanƙwashe, ruwa ya tashi. Shi ya sa ciwon wuyan hannu ya yi musu yawa. Yayyafin da ake fesawa a saman tafkin kuma don su ga inda ruwan ya fara ne, su san lokacin buɗe jiki.

Dan_Iya_Kano:
Ƙari kaɗan: a wasan ƙarshe mutum 12 ne, kuma daga sifili ake sake ƙirga maki. Zinaren wannan gasa bai bar hannun 'yan Sin ba tun da Gao Min ta ci a Seoul a 1988. Bayanta Fu Mingxia, Guo Jingjing, Wu Minxia, Shi Tingmao, sai Chen Yiwen a Faris, inda Keeney ta zo ta biyu, Chang Yani ta uku. A ganina ba wahalar tsalle ce ke ba su nasara ba, don yawancinsu 3.0 da 3.1 suke yi kamar kowa. Duba makin waɗanda suka ci zinaren a duk zagaye biyar ɗin, da wuya ki ga ɗaya ya faɗo ƙasa da 7.