Rawar bale, tsohuwa da ta zamani: wacce ta fi kwanta muku a rai?

Tauraruwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. A cikin wasannin bale (rawar dandamali ta Turawa da aka san ta da tsayuwa kan yatsun ƙafa), na da da na yanzu, wanne kuka fi so, kuma a ina kuke zuba ido don gane gwanin gaske? Nawa dai Swan Lake ne.

Mai Kiɗa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ra'ayinmu ɗaya. Caikofski ya yi kiɗan, aka fara nuna shi a Mosko a 1877, amma tsarin da ake bi yau na masu tsara rawa Petipa da Ivanov ne, na 1895. Kowa jira yake Odile, 'yar matsafin cikin labarin, ta yi juyin fuwete 32 a kashi na uku. A kowane juyi takan sauke diddige ta ɗan lanƙwasa gwiwa, ta miƙa ɗayar ƙafar gaba, ta wurga ta gefe, ta naɗo ta zuwa gwiwa tana hawa kan yatsu. Idan ƙafar da ke sama ta fara saukowa, ko kai ya makara wajen komawa inda ido ya kafe, jiri zai shigo, sai ki ga tana gangarowa bakin dandamali. Gwana ba ta barin inda ta fara.

Hasken Dandamali: Malam Mai Kiɗa, ka yi min afuwa, ƙirga juyi ba shi ne auna gwaninta ba. Ni Giselle ce tawa, ta Faris, 1841, da kiɗan Adolphe Adam. Mace ɗaya za ta fito a kashi na farko tana 'yar ƙauye mai fara'a da yaudara ta zautar har ta mutu, a na biyu kuma ta dawo ruhi marar nauyi. Nan wahalar take. Sauka daga tsalle sai an bi da shi daki-daki, yatsu, tafin ƙafa, sannan diddige, in ba haka ba takalmin ya buga ƙasa ya ɓata komai, don bakinsa tauri gare shi. Ku kuma lura da inda ruhohin matan ke ratsa juna suna tsalle-tsalle a ƙafa ɗaya, ɗayar a miƙe baya. Idan ƙafar mutum ɗaya ta fi ta saura ɗaguwa sama, layin ya lalace.

Ɗan Kallo: Yaya, tunda kina son Giselle, nemi wadda Akram Khan ya tsara a 2016, inda ruhohin ke riƙe da sandunan gora.

Na zamani kuwa, babu kamar In the Middle, Somewhat Elevated, wanda William Forsythe ya yi a Faris a 1987. Mutum tara ne, babu labari, babu ado. A tsohon tsari ana son nauyin jiki ya zauna daidai kan ƙafa, shi kuwa da gangan yake ture ƙugu gefe, namiji da mace su ja juna har kowa ya dogara da nauyin ɗan'uwansa. Wanda ya ji tsoro ya rage ja, su biyun ne za su tangaɗa. Sai Rite of Spring na Pina Bausch, 1975, da ake shimfiɗa ƙasa a dandamali, a yi rawa ba takalmi har gumi ya manna ta a jiki.

Mai Kiɗa: Na karɓi gyara, Malama. Ko a Swan Lake ɗin ma, kashi na biyu ya fi na uku nuna gwana, don kiɗan a hankali yake tafiya, ƙafa ta ɗan yi karkarwa kowa zai gani.