Muhawara: Kuɗin unguwa, marayu ko matan gidan yari?

A zauren WhatsApp na wata unguwa a cikin birnin Katsina, Hajiya Babba ta kawo shawarar a ware wani abu daga kuɗin taimakon azumi a saya wa matan da ke fitowa daga gidan gyaran hali keken ɗinki. Ga yadda aka kwashe.

Alhaji na Kasuwa: Hajiya, ki yi haƙuri, ban goyi baya ba. Kuɗin da aka kashe wa matar da ta je gidan yari asara ne. Hali zanen dutse. Ga matan da 'yan bindiga suka kashe wa mazaje daga Batsari da Jibiya sun cika gari da marayu, su ba su yi wa kowa laifi ba. A fara da su.

Hajiya Babba: Alhaji, ba cewa na yi a hana marayu ba. Ɗan abu na ce a gutsura.

Barista: Ranka ya daɗe Alhaji, kafin mu kai ga hali, mu fara tambayar wa ke ciki. A faɗin Najeriya, kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke, alƙali bai ce sun yi laifi ba. Mata kuwa wajen biyu ne cikin ɗari. Ƙarancin nan nasu shi ya cuce su, don an gina gidajen ne da maza a rai. In ka cire irin na Kirikiri a Legas da na Ondo da aka keɓe wa mata zalla, sauran ɓangare ne kawai ake yanka masu a cikin gidan maza.

Alhaji na Kasuwa: Barista, ai ruwa ba ya tsami banza. Haka kawai za a ɗauko mace daga ɗakinta?

Barista: Bashi, Alhaji. Adashen da ya rushe a hannun uwar adashe. Faɗa da kishiya ko maƙwabciya. Wata kuma tara aka yanka mata ta kasa biya. Akwai masu manyan laifuka, ban musa ba, amma ba su kaɗai ba ne.

Anti Ganduroba: Assalamu alaikum. Ni na yi aikin nan har na yi ritaya, kuma a gaskiya Alhaji da Hajiya duk ban bi bayan ɗayanku ba. Alhaji, na ga matan da suka shigo ba su iya rubuta sunansu ba suka fita suna karatu, suna saƙa, suna haɗa sabulu da man shafawa. Don haka zancen ba sa gyaruwa a ajiye shi. Amma Hajiya, keken nan da kike magana, da yawa ba ya yin wata uku a hannunsu ake sayar da shi. Ina za ta kafa shi? Wa zai kawo mata ɗinki?

Ku zo ranar ziyara ku gani. Layin masu ganin maza cike da mata da iyaye, kowa da kwanon tuwo a ɗaure cikin ɗankwali. Ɓangaren mata kuwa sai a wuni ba a kira sunan kowa ba. Na sha karɓar takarda a ƙofa a ce in miƙa wa wance, ta buɗe ta ga takardar saki ce. Ranar da za a sallame ta, sai ta tsaya a bakin ƙofa da ledar kayanta da goyo a baya, ba wanda ya zo. Gidan miji ya rufe, gidan uba an ce ta jawo abin kunya. Irin wannan ce ke dawo mana, ba don halinta ba, don ba ta da wurin kwana.

Hajiya Babba: Innalillahi. Goyo kuma, Anti?

Anti Ganduroba: Ƙwarai kuwa. Wata da ciki take shigowa, wata da jariri. Yaro yakan zauna da uwarsa har wajen wata 18, sannan a nemi dangi su karɓa. Audugar mata ma, sau da yawa sai abin da masu taimako suka kawo.

Ɗan Autan Zaure: Iyayena, a yi mani afuwa, amma wannan ba aikin gwamnati ba ne? Tun 2019 Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da hukumar gidajen yari ta zama ta gyaran hali. Dokar ta ce a ware wa mata wurinsu a kowace jiha, a gwada su ko suna da ciki in an kawo su, a tanadi wurin renon jarirai. Ta kuma kawo hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki. A 2023 aka gyara tsarin mulki, jihohi ma suna iya kafa nasu gidajen. To me ya sa mu da muke tara ɗari biyar biyar za mu ɗauki kayan Abuja?

Barista: Ƙanena, dokar tana nan yadda ka faɗa. Amma kuɗin abincin ɗan kaso a rana naira 750 ne har 2024, sannan aka mayar da shi 1,125. Ka je kasuwa da wannan ka gani, balle mai shayarwa.

Maman Khalifa: Ni dai a bar ni in faɗi tawa. Ɗiyar yayata kishiya ta watsa wa tafasasshen ruwa, har yau ba ta iya ɗaga hannun dama sosai. Ba wanda ya tara mata ko sisi, mu muka sayar da tumaki muka yi magani. Yanzu a ce wadda ta yi irin wannan ta fito a ba ta keke? Ita wadda aka ƙona fa, me aka ba ta?

Anti Ganduroba: Maman Khalifa, Allah ya ba ta lafiya. Maganarki gaskiya ce, ba ni da abin da zan kare ta da shi.

Malam Liman: Allah ya saka wa kowa. Haƙƙin wadda aka zalunta yana nan, zaman kaso ba ya goge shi, sai an biya ko ta yafe. Amma rufe ƙofar tuba ba namu ba ne. Matar nan Bagamidiya da ta zo da kanta ta amsa laifi, Manzon Allah (SAW) ya jinkirta mata hukunci har ta haihu ta yaye, kuma da Khalid ɗan Walid ya zage ta, ya hana shi. Sannan a aya ta 60 ta Suratut Tauba, waɗanda bashi ya danne suna cikin masu cin zakka. Wadda ke tsare saboda bashin halal, fitar da ita ba alfarma ba ce.

Barista: Allah gafarta Malam, an ma taɓa yin haka da yawa. A Nuwamban 2023 ministan cikin gida Tunji-Ojo ya sanar da sakin mutum 4,068 da aka biya masu tara, da naira miliyan 585 da masu hannu da shuni suka tara.

Alhaji na Kasuwa: To, ta bashi na ji, tunda Malam ya kawo aya. Amma a duba takarda, kada a kawo mana 'yar damfara a ce bashi ne. Keke kuwa ban yarda ba har gobe, kuma kason marayu kada a taɓa shi.

Hajiya Babba: Na janye keken. Amma Anti ta ce matsalar wurin kwana ce. Wa zai je gidajen iyayensu?

Anti Ganduroba: Mai unguwa da Malam. Uba ba zai kori liman daga zaurensa ba. Sai kuma masu tsaya wa na jiran shari'a, don wata an ba da belinta tuntuni, mai sa hannu ne babu.

Maman Khalifa: Ai maza ake nema a beli.

Barista: A'a. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta hana a ƙi mutum tsayawa beli don kawai mace ce. Sai dai ki sani, in wadda kika tsaya wa ta gudu, ke kotu za ta nema.

Alhaji na Kasuwa: Kun ji ko? Ni ba da sa hannuna ba.

Hajiya Babba: Ni zan sa nawa, in Anti ta ga yarinyar ta ce ta yarda da ita. Barista, ka samo mana sunayen masu tara da nawa-nawa ne kafin Asabar. Malam, bayan la'asar ya yi maka?

Malam Liman: Ya yi, Hajiya. A gayyato mai unguwa, kuma Maman Khalifa ta zo da maganar ɗiyar yayarta.